Daga Rairayin Barra Zuwa Papa Westray a Ƙananan Jiragen Loganair

Na bar Kaduna a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na kwana Abuja, washegari muka yi awa 6 da wani abu a sama zuwa Landan. Kwas na masu gyaran jiragen sama ne ya kai ni Birtaniya, amma tun ina cike takardar biza na ƙudurta cewa in an gama zan haura arewa, Sikotlan, in ga aikin kamfanin jiragen sama na Loganair da idona. Mu 'yan wannan sana'a abu biyu ke sa muna jin sunansa: shi ne ke sauke jirgin fasinja a kan rairayin bakin teku bisa jadawali, kuma shi ke da tafiyar jirgin haya mafi gajarta a duniya.

A Heathrow jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata, adireshin masauki da tikitin komawa, ya buga hatimi. Daga nan har na dawo babu wanda ya sake tare ni a hanya ya ce in buɗe jaka, sai dai binciken filin jirgi. Da aka kammala kwas na hau jirgin ƙasa daga tashar Euston, awa 4 da rabi sai ga ni a Glasgow. Tikitin da aka saya da wuri bai kai fam 60 ba. Wanda ya bari sai ranar tafiya zai iya biyan ninki biyu.

Ɗan wana da ke karatu a can ya tarbe ni, muka yi sallah a babban masallacin birnin, muka ci shinkafa da naman rago a unguwar Pollokshields inda 'yan Pakistan suka yi yawa. Da na nuna masa tikitina sai ya riƙe baki. "Baffa, duk manyan jiragen ƙasar nan ka rasa na shiga sai mai sauka a yashi?" Na ce masa ya ba ni babbar rigar sanyinsa kawai. Wata Yuni ne, lokacin zafinsu, amma rigar ta yi rana.

Hedikwatar kamfanin tana filin jirgin Glasgow, kuma daga tagar ɗakin jira mutum zai ga kusan duk irin jiragen da yake da su, kowane da zanen ƙyallen gargajiyarsu mai layi-layi ja da baƙi a wutsiya. Wani ɗan kwangilar gine-gine, Willie Logan, shi ya kafa shi a 1962 da jirgi ɗaya tal ƙirar Piper Aztec don zagaya wuraren aikinsa. Daga 1994 zuwa 2008 jiragensa suna tashi ne da fentin British Airways, daga nan zuwa 2017 da na Flybe, sannan ya koma tashi da sunansa. Yau jiragen sun kai talatin da wani abu, kashi huɗu. Akwai Embraer 145 na Brazil, mai injin jet da kujeru 49, na hanyoyi masu ɗan nisa. Akwai ATR 42 da ATR 72 masu farfela, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Italiya, su ne ƙashin bayan aikin tun da aka yi wa Saab 340 ritaya a farkon 2024. Sai Twin Otter na Kanada, sai auta, Islander.

Ga mai gyara, jirgi kashi huɗu a ƙaramin kamfani ciwon kai ne. Kowane da nasa kayan gyara a sito, nasa lasisin injiniya, nasa horon matuƙi. Manyan kamfanoni masu arha shi ya sa suke riƙe ƙira ɗaya. To amma nan filayen ne ke zaɓar jirgi, ba akanta ba.

Jirgin da ke zuwa tsibirin Barra, inda ake sauka a kan rairayin, Twin Otter ne, DHC-6-400. Guda biyu gwamnatin Sikotlan ta saya a 2015 ta ba kamfanin ya riƙa tuƙawa, tana kuma cika kuɗin hanyoyin Barra, Tiree da Campbeltown, domin kuɗin tikiti kaɗai ba zai riƙe su ba. Ni na biya kusan fam 90 zuwa, da jaka ta kilo 15. Jirgin yana da gurbin kujeru 19, amma ba a cika cika su a wannan hanya, saboda nauyin man zuwa da dawowa da laushin wurin sauka. Babu ma'aikaciyar cikin jirgi. Mataimakin matuƙi ne ya juyo ya nuna mana ƙofofi da rigar ruwa, ya koma kujerarsa, ba ƙyaure tsakaninmu da su. Totur ɗin injinan a rufin jirgi yake, ba a ƙasa ba, kuma lokacin tashi za ka ga hannun matuƙi a kai, na mataimaki a bayansa, don kada ya zame. Injinan PT6A-34 ne na Pratt & Whitney, waɗanda a sana'armu ake yi wa kallon jakin aiki. Ba a matse iska a cikin jirgin, saboda haka ba ya wuce ƙafa 10,000, kuma ƙara ba ta barin hira. Awa ɗaya da 'yan mintoci muna kallon tsaunuka da tsibirai.

Filin Barra wani faffaɗan lungun teku ne da ake kira Traigh Mhòr, ana sauka a kansa tun 1936. Sau biyu a yini teku ke cikowa ta rufe shi ruf, sau biyu ta janye. Kowace rana lokacin janyewar yana matsawa gaba da kusan minti 50, shi ya sa jadawalin wannan hanya ba ya tsayawa wuri ɗaya: agogon teku ake bi. Titin sauka uku ne a jere kamar murhu, an kafa sandunan katako a ƙarshen kowane, mafi tsawonsu bai kai mita 900 ba. Amfanin ukun shi ne ko ta ina iska ta taso, akwai wanda jirgi zai fuskance ta. Kafin mu iso motar 'yan kwana-kwana ta bi ta kan yashin ta duba ko teku ta bar itace, igiya ko rami. In an ɗaga jakar nan mai ruwan lemo da ke nuna alƙiblar iska, masu tsintar ƙumba sun san fili ya koma na jirgi, sai su fice.

Saukar ta fi ta kwalta taushi. Tayoyi suka taɓa yashi mai danshi, ruwa ya fantsamo har kan taga, matuƙi ya juya farfela baya, nan da nan muka tsaya. Muka sauko muna taka jiƙaƙƙen yashi zuwa wani ɗan gini, jakunkuna kuma aka ajiye a wata rumfa mai kama da ta jiran bas.

Ni idona yana kan ƙafafun jirgin. Tayoyin Twin Otter ba sa naɗewa, kuma wannan ne rufin asirinsa a nan, domin da masu naɗewa ne, yashi da gishiri za su shiga kowace gaɓa su cinye ta. Duk da haka gishiri ba ya yafewa. Jirgin da ke irin wannan aiki sai an wanke cikinsa da birki da ƙafafu da ruwan daɗi a kai a kai, a kuma fesa ruwa cikin inji yana juyawa ba wuta don a ɗauraye gishirin da ya manne wa fukafukan da ke matse iska. In aka yi sakaci, inji zai fara zafi fiye da kima kafin ya ba da ƙarfinsa, tsatsa kuma ta ɓuya ƙarƙashin fenti inda ƙarfe biyu suka haɗu.

Ƙaramar bas ta kai mu Castlebay, babban garin tsibirin, a kan hanya mai ɗaukar mota ɗaya da wuraren kaucewa jefi-jefi. Mutanen tsibirin duka kusan 1,200 ne, da yawa suna jin yarensu na Gelik. Na sami ɗaki a gidan wata dattijuwa, fam 70 da karin kumallo. Na roƙe ta ta cire naman alade daga farantina, ta ƙaro min ƙwai da kifi. Nama dai na haƙura da shi har na koma Glasgow. Soyayyen kifi da dankali, fam 12 ko 13, shi ne abincin dare. Ita ta gaya min cewa jirgin ruwa zuwa garin Oban da ke gaɓar babban yankin Sikotlan kusan awa 5 ne in teku ta yi sauƙi, don haka mai ganin likita a Glasgow jirgin sama yake bi, kuma mazauna tsibiran suna da rangwamen gwamnati a kan tikiti.

Na koma Glasgow na kama ATR 42 zuwa Kirkwall, babban garin tsibiran Orkney. Wannan tikiti ne ya fi ƙona min aljihu, ya haura fam 100. ATR ta baya ake shiga, kaya na gaba. Ba shi da ɗan injin wutsiya da ke ba manyan jirage wuta a ƙasa. Injin dama ake kunnawa a danne farfelarsa da birki. A gaban fukafukansa akwai baƙar roba da ake hura wa iska ta kumbura ta fasa ƙanƙarar da ta taru, kuma a wannan yanki kullum tana cikin aiki. Aka ba mu shayi da biskit ɗin Tunnock's kyauta.

Kirkwall gari ne na dutse, da tsohuwar majami'ar St Magnus ta jan dutse da aka fara ginawa a 1137. Bishiya sai an nema, iska ba ta bari.

Da safe na isa fili don in kama jirgin tsibirin Papa Westray, na tarar hazo ya taso daga teku ya lulluɓe komai. Filayen ƙananan tsibiran ba su da na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin gajimare; matuƙi sai ya ga ƙasa da idonsa. Aka ce mu jira, kowa ya nemi kujera. Wata malamar makaranta ta ciro littattafan ɗalibai tana maki, wani manomi ya jingina ya yi barci. Na tuna yadda ɗakin jira ke hargitsewa a Kano in ƙurar hunturu ta hana tashi, wani na dukan tebur, wani na rantsuwa cewa ya ga rana a waje. Alhali mizanin ɗaya ne ko'ina: in nisan da ido ke gani bai kai abin da doka ta gindaya wa filin da jirgin ba, ba a tashi. Bambancin shi ne mutanen nan sun san matuƙin da fuska, sun kuma san abin da teku ta taɓa ci.

A zaman jiran na buɗe rahotannin AAIB, hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Birtaniya, waɗanda kowa zai iya karantawa a intanet. Tarihin kamfanin ba fari fat ba ne. A Yunin 1986 wani Twin Otter ya daki tudu a tsibirin Islay cikin mummunan yanayi, matuƙi ɗaya ya rasu, fasinjoji suka tsira. A Mayun 1996 wani Islander na ɗaukar marasa lafiya ya faɗi da dare yana shirin sauka a Tingwall, Shetland, cikin iska mai ƙarfi, matuƙin ya rasu. Ranar 15 ga Maris 2005 wani Islander ɗin, shi ma na asibiti, ya faɗa teku da dare kusa da Campbeltown, matuƙi da ma'aikacin jinya suka rasu. Masu bincike sun ambaci gajiya, yawan aiki a kan mutum ɗaya, da daɗewar matuƙin bai tashi ba, ga shi jirgin ba shi da na'urar da ke auna tazararsa da ruwa kai tsaye. Daga 2006 aikin ɗaukar marasa lafiya ya koma hannun wani kamfani.

Wanda ya fi tsaya min, a matsayina na mai gyara, shi ne na 27 ga Fabrairu 2001. Jirgin Short 360 ne ɗauke da wasiƙu daga Edinburgh zuwa Belfast. Ya kwana a fili hancinsa na fuskantar iska ana zuba dusar ƙanƙara, ba a toshe bakin injinansa da murfi ba. Dusar ta shige ta taru a lungun da mai zagaya jirgi ba zai hango daga ƙasa ba. Suka tashi lafiya. A ƙafa 2,200 aka kunna ƙofofin da ke kare inji daga ƙanƙara, na injin biyu lokaci guda. Motsin ƙofofin ya sauya yadda iska ke bi, tarin dusar ya ɓalle ya afka ciki, injin biyu suka mutu cikin daƙiƙoƙi. Jirgin ya faɗa ruwan Firth of Forth, matuƙan biyu suka rasu. Murfin bakin inji wani ɗan soso ne mai jan ƙyalle da yaro zai iya ɗauka. Wanda ya karanta wannan rahoto ba zai sake barin jirgi ya kwana baki buɗe ba, ko a Maiduguri ne inda abin tsoron ƙura ce da sheƙar tsuntsu, kuma zai fahimci dalilin da ya sa ake taɓa injin ɗaya, a dakata, sannan a taɓa ɗayan.

Sai na 15 ga Disamba 2014, wanda Allah ya kiyaye. Jirgin Saab 2000 daga Aberdeen zuwa Sumburgh a tsibiran Shetland, mutum 33. Aradu ta faɗa wa hancinsa. Matuƙan suka ɗauka na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta kashe kanta, alhali tana nan a kunne, kuma a wannan ƙira jan sitiyari ba ya kashe ta. Kyaftin na ja sama, ita tana murɗa wutsiya don ta mayar da hanci ƙasa, ana ta kokawa. Da ta saki daga baya, jirgin ya sulmiyo yana zubar da ƙafa 9,500 a minti, sai a ƙafa 1,100 saman teku aka cafko shi. Suka koma Aberdeen ba wanda ya ji ciwo. A duk waɗannan da na lissafa, waɗanda suka rasu ma'aikata ne, kuma dare, ƙanƙara da rashin gani su ne ke maimaituwa. Ƙanƙantar jirgi ko tsufansa ba su fito a matsayin sanadi ba. A ganina, ga kamfanin da ya haura shekara 60 yana tashi a irin wannan sama, wannan tarihi ne da mutum zai iya ɗora iyalinsa a kai.

Wajen azahar hazon ya yaye.

Islander, BN-2, ya fara tashi a 1965, kuma kamfanin na amfani da shi a Orkney tun 1967. Biyu na tarar a Kirkwall, suna zagaya tsibirai shida: Westray, Papa Westray, North Ronaldsay, Sanday, Stronsay da Eday. Fasinja 8, matuƙi ɗaya. Babu hanya a tsakiya. Benci-benci ne, kowane da ƙofar da ake shigarsa, kamar tasi. An auna kayanmu, matuƙin ya duba takardar nauyi ya raba mu da kansa, ƙato nan, siriri can. Ba wasa ba ne: a jirgi irin wannan in nauyi ya koma baya da yawa, hanci zai ɗaga fiye da yadda matuƙi zai iya dannewa. Injinan Lycoming ne masu fistan, doki 260 kowane, suna shan shuɗin fetur na jirage ba kananzir ɗin jet ba. Kafin mu tashi ya taka birki ya ƙara wuta, ya gwada layin tartsatsi biyu na kowane inji ɗaya bayan ɗaya yana kallon yadda allura ke sauka, sannan ya gwada zafin kafireto, domin iska mai danshi tana iya daskarewa a maƙogwaron kafireto ko da ba a lokacin sanyi ba.

Kusan minti 15 muka sauka Westray. Mutum biyu suka fita, aka miƙa wa wani kwalin magani, aka rufe. Sai tafiyar da na zo dominta. Tsakanin Westray da Papa Westray kilomita 2.7 ne, wato bai kai tsawon babban titin filin Malam Aminu Kano ba, wanda ya haura mita 3,000. Kana ƙasa kana hango jakar iskar ɗaya filin. Muka tashi, muka tsallake ruwa kore shar da ake ganin duwatsun ƙasansa, kafin in gyara zama ya rage wuta. Bai cika minti 2 ba. Kyaftin Stuart Linklater, wanda ya yi wannan tsallake fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013, shi ke da tarihin daƙiƙa 53. Ga inji kuwa irin wannan aiki ya fi doguwar tafiya wahala, domin zafi da sanyi na tashi da sauka ne ke gajiyar da silinda, ba yawan awoyi kawai ba.

Filin Papay, kamar yadda mutanen wurin ke kiran tsibirin, ɗan titi ne da ɗaki guda, mallakar ƙaramar hukumar Orkney. Waɗanda suka tarbe mu cikin rigar kashe gobara manoma ne. In jirgi ya kusa sai su bar gona su zo, su duba titi, su kori tsuntsaye, su tsaya kusa da motar ruwa, in ya tashi su koma. Mutanen tsibirin ba su kai 100 ba. Na sauka a masaukin haɗin gwiwar al'umma, gado da kicin na kowa da kowa, kusan fam 30. Kanti ɗaya ne kuma yana rufewa da wuri, don haka wanda ya makara sai shayi. Na sayi burodi, cuku da gwangwanin kifi. Na taka zuwa Knap of Howar, gidajen dutse biyu a bakin teku da suka haura shekara 5,000, har kantocin ajiye kaya na bango suna nan.

Sallah ce ta ba ni aiki. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 10 na dare, ta sake fitowa wajen 4, kuma tsakani duhu bai taɓa kankama ba. Jan shafaƙi yana nan a arewa har asuba. Na bi jadawalin masallacin Glasgow da ɗan ƙari, na rataya bargo a taga.

Lokacin da na je, tikitin Kirkwall zuwa Papay da dawowa fam ashirin da 'yan kai ne ga wanda zai kwana a tsibirin, ƙasa da kuɗin tasi a Landan, saboda ƙaramar hukuma ce ke cike gibin. A nan ne tunanina ya koma gida. Da can Nigeria Airways na kai Fokker F27 da F28 Sakkwato, Yola da Maiduguri. Yanzu jihohi sun gina filaye masu faɗi a Dutse da Birnin Kebbi, amma da yawa daga kamfanoninmu Boeing 737 suke da shi, mai kujeru sama da 120, wanda ba zai ci riba a garin da fasinja 40 ne a rana ba. Kamfanin Overland ne ya daɗe yana riƙe da ATR a irin waɗannan hanyoyi. Fasinjanmu kuma in ya ga farfela sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka tsohon jirgi ne, alhali injin ATR da na jet dangi ɗaya ne, kuma a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ya fi shan mai kaɗan nesa ba kusa ba. Abin da Sikotlan ta yi ba gina fili ba ne kawai: ta sa hanyar a kwangila, ta ce ga yawan tashi a mako, ga iyakar kuɗin tikiti, ga abin da za ta cika.

Da na dawo Kirkwall na karɓi takardar shaidar da suke ba wanda ya yi gajeriyar tafiyar, na kama ATR zuwa Aberdeen, garin mai, inda 'yan Najeriya suke da yawa har na sami tuwon semo da miyar egusi. Daga can jirgin ƙasa zuwa Landan, sai Abuja. Wanda zai bi wannan hanya ya sayi tikitin Islander da wuri, domin kujera 8 ce kuma malamai, ma'aikatan lafiya da mazauna tsibiri suna gaba da mai yawon buɗe ido. Kada kuma ya haɗa shi rana ɗaya da jirgin komawa gida. Ya bar kwana a tsakani saboda hazo.